Fuloraid a Ruwan Famfo: Gardamar Biranen da Kuɗi Ya Yi wa Ƙaranci

Gabatarwa

Duk majalisar garin da asusunta ya yi ƙasa, abin da takan fara yi shi ne ta buɗe littafin kasafi ta nemi aikin da za ta soke ba tare da jama'a sun yi kuka ba. Idan an daina kwashe shara, kowa zai gani. Idan an kashe fitilun titi, a daren nan za a sani. Amma akwai wani aiki wanda ko an daina shi ba wanda zai lura da wuri, watau zuba sinadarin fuloraid a cikin ruwan famfo domin kare haƙoran jama'a daga ruɓewa. Ruwan ba ya sake launi, ba ya sake ɗanɗano, kuma sakamakon ba ya bayyana sai bayan shekaru.

Saboda haka tun daga matsin tattalin arzikin da ya auka wa duniya a shekarar 2008, garuruwa da yawa a Amurka da Kanada suka sa wannan aiki a sahun gaba na abubuwan da za a yanke. A watan Oktoba na 2011 jaridar New York Times ta ba da labarin cewa cikin shekara huɗu, kimanin garuruwa da gundumomi 200 a Amurka sun daina zuba fuloraid, waɗansu saboda ƙarancin kuɗi, waɗansu saboda shakkar amfaninsa. Wannan ƙasida za ta bayyana abin da ake gardama a kai, da hujjar kowane ɓangare, da abin da ya sami garuruwan da suka gwada, sa'an nan da darasin da ke ciki ga mutanen Nijeriya.

Yadda Haƙori Ke Ruɓewa

A bakin kowane mutum akwai ƙwayoyin cuta masu manne wa haƙori. Sa'ad da mutum ya ci sukari ko wani abu mai zaƙi, waɗannan ƙwayoyi sukan ci ragowar, su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke narkar da farin ɓawon haƙori kaɗan-kaɗan. Miyau yana ƙoƙarin mayar da abin da ya narke. Idan narkewa ta rinjayi gyara, sai haƙori ya yi kogo, daga nan sai ciwo, sai kumburi, sai cirewa. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum biliyan 2 na fama da ruɓewar haƙoran girma, yara fiye da miliyan 500 kuma na fama da ruɓewar haƙoran nono.

Fuloraid ma'adini ne da ke cikin duwatsu da ƙasa, kuma kusan kowane ruwa na ɗauke da shi, wani kaɗan, wani da yawa. Idan akwai shi ɗan kaɗan a cikin miyau, yakan hanzarta gyaran ɓawon haƙori, ya kuma ƙara masa ƙarfin jure wa tsami. Binciken zamani ya nuna cewa mafi yawan amfaninsa yana samuwa ne ta hanyar taɓa haƙorin a cikin baki. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan bayani, domin a kansa wani babban sashe na gardamar ya rataya.

Ma'aunin da hukumar lafiya ta Amurka ta tsayar tun 2015 shi ne miligiram 0.7 a cikin kowace lita. Watau duro mai cin lita 200 zai ƙunshi miligiram 140, abin da bai kai nauyin ƙwayar gyaɗa ɗaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce kada ruwan sha ya wuce miligiram 1.5 a lita. Daga nan zuwa sama haƙora kan fara dabbare-dabbare, idan ya yi yawa ƙwarai har ƙashi yakan lalace.

Asalin Al'amarin

A shekarar 1901 wani likitan haƙori mai suna Frederick McKay ya sauka a garin Colorado Springs na Amurka, ya tarar da haƙoran mutanen garin sun yi tabo ja-ja wanda ba ya wankuwa. Abin da ya ƙara ba shi mamaki shi ne, waɗannan haƙora masu tabo ba su cika ruɓewa ba. An yi shekara 30 ana neman dalili, sai a 1931 wani masanin haɗa sinadarai, H. V. Churchill, ya gano fuloraid mai yawa a ruwan wani gari da ke da irin wannan matsala. Daga nan Dokta H. Trendley Dean na hukumar lafiyar Amurka ya gwada ruwa da haƙoran yara a birane 21, ya ga cewa idan fuloraid ya kai kimanin miligiram 1 a lita, ruɓewa takan ragu sosai, tabo kuma ba ya yin muni.

Ranar 25 ga Janairu, 1945, birnin Grand Rapids na jihar Michigan ya zama na farko a duniya da ya zuba fuloraid a ruwansa da gangan. An bi diddigin haƙoran 'yan makaranta kusan 30,000. Bayan shekara 11 aka ba da sanarwar cewa ruɓewa ta ragu da fiye da kashi 60 cikin ɗari a tsakanin yaran da aka haifa bayan fara aikin. Sauran birane suka bi sahu. Birmingham ta Ingila da Dublin ta ƙasar Ailan sun fara a 1964. A 1999 cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta lissafa wannan aiki cikin manyan nasarori goma na kiwon lafiyar jama'a a ƙarni na 20, kuma a 2022 fiye da mutum miliyan 200 na ƙasar ne ke shan irin wannan ruwa.

Inda Kuɗin Ke Tafiya

Kuɗin aikin kashi biyu ne. Na farko shi ne na yau da kullum: sayen sinadarin, wanda galibinsa ana samunsa ne daga masana'antun takin zamani, da albashin ma'aikatan da ke auna ruwa kowace rana, da kayan kariyar jikinsu, domin sinadarin kafin a tsarma shi yana cin ƙarfe yana ƙona fata. Na biyu shi ne na injuna da tankuna da ɗakin ajiya, waɗanda sukan tsufa su bukaci a sake su. Sau da yawa a lokacin da wannan babban kuɗi na biyu ya taso ne gardama ke tashi a majalisa.

Yawan mutanen gari yana da tasiri. Babban birni yana raba kuɗin injinsa a kan dubban ɗaruruwan mutane, sai ya zama kowane mutum abin da ya hau kansa bai taka kara ya karya ba. Ƙaramin gari mai rijiyoyi da yawa kuwa tilas ya kafa inji a kowace, ga mutanen da za su ɗauki nauyin ba su da yawa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2016 ya ƙiyasta cewa a garuruwa masu mutum 1,000 ko fiye, kowace dala ɗaya da aka kashe a kan fuloraid tana rage kimanin dala 20 na jinyar haƙori. Masu suka suna cewa wannan lissafi ya zuzuta amfanin, ya kuma manta da waɗansu kuɗaɗe, amma cike kogon haƙori ɗaya ya fi kuɗin fuloraid ɗin mutum na shekaru masu yawa tsada.

Abin da Ya Sami Waɗanda Suka Gwada

Gundumar Pinellas a jihar Florida tana ba kimanin mutum 700,000 ruwa. A watan Oktoba na 2011 wakilan majalisarta suka yanke, da ƙuri'a 4 a kan 3, cewa a daina zuba fuloraid. Abin da aka ajiye kimanin dala 205,000 ne a shekara, watau kusan senti 30 a kan kowane mutum. Likitocin haƙori da jaridar yankin suka tashi tsaye. A zaɓen 2012 biyu daga cikin wakilan da suka goyi bayan dainawa suka sha kaye, sabuwar majalisa ta soke hukuncin, aka komo da fuloraid a 2013. Amma maganar ba ta ƙare nan ba, domin a 2025 jihar Florida ta kafa dokar da ta hana zuba shi a ruwan famfon jihar baki ɗaya.

Birnin Calgary na Kanada ya daina a 2011. Cikin dalilan da aka kawo akwai kimanin dalar Kanada 750,000 da ake kashewa kowace shekara, da kimanin miliyan 6 da ake bukata don sabunta injuna. Birnin Edmonton, wanda ke lardi ɗaya da shi, ya ci gaba da nasa, sai masana suka sami damar gwada biranen biyu. A binciken da Lindsay McLaren ta Jami'ar Calgary ta jagoranta a zangon karatu na 2018 zuwa 2019, an sami ruɓewa a haƙoran nono na kimanin kashi 65 cikin ɗari na 'yan aji biyu a Calgary, a Edmonton kuwa kimanin kashi 55. A 2021 aka jefa ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, kashi 62 cikin ɗari suka ce a komo da shi. Bai komo ba sai ranar 30 ga Yuni, 2025, bayan an kashe fiye da dalar Kanada miliyan 28 wajen kafa sababbin injuna. Gaskiya ne cewa tsadar kayan gini ta ƙara wa wannan kuɗi yawa, kuma ko ba a daina ba sai an yi gyara. Duk da haka yaran da suka tashi cikin shekarun nan 14 ba za a mayar musu da haƙoransu ba.

Windsor, birnin masana'antun motoci a Kanada wanda rashin aikin yi ya daɗe yana damunsa, ya daina a 2013. A 2018 hukumar lafiyar yankin ta ba da rahoton cewa yawan yaran da ke da ruɓewa ko ke bukatar jinyar gaggawa ya ƙaru da kashi 51 cikin ɗari a cikin shekara biyar. A watan Disamba na shekarar majalisa ta sake shawara, aka komo da fuloraid a 2022.

Na Buffalo a jihar New York ya sha bamban. Birni ne da fiye da rubu'in mutanensa ke cikin talauci. A 2015 aka tsayar da injin fuloraid da niyyar yin gyara, gyaran ya yi ta jan ƙafa shekara bayan shekara. An ambaci tsayawar a rahoton shekara-shekara na hukumar ruwa, wanda mutane kaɗan ke karantawa, saboda haka yawancin iyaye da ma likitoci ba su sani ba sai da jarida ta tona a 2023. Waɗansu iyaye suka kai ƙara kotu, aka komo da aikin a watan Satumba na 2024. Babban abin da ya ɓata wa mutane rai shi ne, da an gaya musu tun farko, da sun nema wa 'ya'yansu wata kariya.

Hujjar Masu Cewa a Daina

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa duk mai sukar wannan aiki jahili ne ko mai tsumulmula. Suna da hujjoji huɗu da suka cancanci a saurara.

Ta farko, zamani ya sake. A 1945 babu man goge baki mai fuloraid a kasuwa. Tun daga shekarun 1970 ya bazu a ƙasashe masu arziki, kuma tun da amfanin fuloraid a cikin baki yake, abin da ruwa ke ƙarawa a kan man ya ragu. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitoci tana auna ingancinsu, ta bayyana a 2024 cewa binciken da aka yi bayan 1975 ya nuna ragowar kimanin haƙorin nono ɗaya a kan kowane yara huɗu, abin da bai kai na zamanin Grand Rapids ba ko kusa. Har wa yau yawancin ƙasashen yammacin Turai ba sa zuba fuloraid a ruwa, amma ruɓewar haƙori ta ragu a cikinsu.

Ta biyu, tabon haƙori. Binciken lafiyar da aka yi a Amurka tsakanin 1999 da 2004 ya sami alamarsa a kimanin kashi 41 cikin ɗari na yara masu shekara 12 zuwa 15, ko da yake mafi yawa fararen ɗigo-ɗigo ne da ba a cika gani ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka tsayar da ma'auni a kan 0.7 a 2015.

Ta uku, batun ƙwaƙwalwar yara. A watan Agusta na 2024 wata hukumar gwamnatin Amurka mai binciken guba ta ce akwai matsakaicin tabbaci cewa fuloraid da ya wuce miligiram 1.5 a lita yana da alaƙa da raguwar kaifin basirar yara. Ta kuma ce bayanan da ke hannu ba su isa a yanke hukunci a kan 0.7 ba. A watan Satumba na shekarar wani alƙalin tarayya, Edward Chen, ya umarci hukumar kare muhalli ta ƙasar ta ɗauki mataki a kan al'amarin, gwamnati kuma ta ɗaukaka ƙara. A 2025 jihar Utah ta zama ta farko da ta hana aikin da doka, Florida ta bi bayanta.

Ta huɗu, 'yancin zaɓi. Suna cewa kulorin ana zuba shi ne don tsabtace ruwa, fuloraid kuwa don jikin mai sha, kuma ba a tambayi kowa izini ba. Mai shan ruwa da yawa yana samun fiye da mai shan kaɗan, jaririn da ake dama wa madara da ruwan famfo kuma yana samun mai yawa idan aka gwada da nauyin jikinsa.

Asusu Biyu

Masu goyon baya suna amsawa da cewa duk lissafin da aka yi a kan matsakaicin yaro yana ɓoye halin ɗan talaka. Yaron da ke da buroshi da man goge baki da likitan da ke duba shi sau biyu a shekara ba zai rasa kome mai yawa ba idan an daina. Wanda ba shi da ko ɗaya daga cikinsu, ruwan famfo ne kaɗai kariyar da ke isa gare shi ba tare da iyayensa sun biya ko sun tuna ba. Birnin da kuɗi ya yi wa ƙaranci kuwa shi ne ya fi yawan irin waɗannan yara, shi ne kuma ya fi ƙarancin likitocin haƙori. Watau garin da ya fi kwaɗayin dainawa shi ne wanda dainawa za ta fi cutarwa.

A nan ne tushen matsalar yake. Kuɗin fuloraid yana fita ne daga asusun gidan ruwa na gari. Amfaninsa kuwa yana shiga aljihun iyaye, da asusun asibitin jiha, da na inshorar lafiya. Ɗan majalisar da ya soke aikin zai nuna ajiyar da ya yi a kasafin bana, amma kuɗin cire haƙori zai fito ne bayan shekara biyar a littafin wata hukuma dabam. A Juneau, babban birnin jihar Alaska, wanda ya daina a 2007, wani bincike na 2018 ya nuna cewa jinyar ruɓewar haƙori ta ƙaru a tsakanin 'ya'yan marasa ƙarfi, waɗanda gwamnati ce ke biya musu. An guje wa gara an faɗa gidan zago.

Ingila ta lura da wannan. A dokar lafiya ta 2022 ta ɗauke alhakin shirya aikin fuloraid daga ƙananan hukumomi ta mayar da shi hannun ministan lafiya, domin hukumar da ke biyan kuɗin jinya ta zama ita ce ke yanke shawarar rigakafi.

Waɗansu Hanyoyi

Ruwa ba shi ne hanya ɗaya tilo ba. Ƙasar Suwizalan ta fara sa fuloraid a gishiri a 1955, kamar yadda ake sa aidin a gishirin Nijeriya. Faransa da Jamus da Jamaika da Meziko sun bi wannan hanya, wadda ke da araha, ba ta kuma bukatar famfo. Yankin Sikotilan yana da shirin da ake sa yara su goge baki kowace rana a makarantun reno ƙarƙashin kulawar malamai, ana ba su buroshi da man goge baki kyauta. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man goge baki mai fuloraid cikin jerin magunguna na wajibi. Sai dai kowace daga cikin waɗannan hanyoyi tana cin kuɗi da ma'aikata. Garin da ya daina fuloraid don ya rasa kuɗi ba kasafai yake samun na kafa madadinsa ba.

Darasi ga Nijeriya

Zuba fuloraid yana bukatar ruwan famfo mai zuwa kullum, da wutar lantarki, da ma'aikatan awo. Gidaje masu yawa a Nijeriya sun dogara ne da rijiya, da burtsatse, da masu garuwa, da ruwan leda. Saboda haka abin da ke gaban ƙasar shi ne sanin yawan fuloraid ɗin da ya riga ya kasance a cikin ruwan da jama'a ke sha.

A waɗansu wurare matsalar yawa ce. A yankin Langtang na Jihar Filato da Kaltungo na Jihar Gombe an daɗe ana ganin tabon haƙori saboda ruwan ƙarƙashin ƙasa. Haka yake a gundumar Bongo a arewacin Ghana. A garin Tibiri kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ruwan wata burtsatse da aka fara sha a 1985 ya lanƙwasa ƙasusuwan ɗaruruwan yara kafin a gane dalili. Ma'aunin ruwan sha na Nijeriya ya tsayar da iyaka a kan miligiram 1.5 a lita, kuma wajibi ne a auna kowace sabuwar burtsatse kafin a buɗe ta ga jama'a. Ya kamata a sani cewa tafasa ruwa ba ya fitar da fuloraid, sai ma ya ƙara masa ƙarfi idan ruwan ya ƙone.

A gida kuwa, abin da ke hannun kowane magidanci shi ne rage wa yara alewa da lemon kwalba, da goge baki safe da dare da mai mai fuloraid ko da ana yin asuwaki. Yaron da bai kai shekara 3 ba a sa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake, a koya masa ya tofar, kada ya haɗiye.

Kammalawa

Masana ba su gama tantance yawan amfanin fuloraid na ruwa a wannan zamani ba, kuma gari yana da ikon ya zaɓi wata hanya. Amma duk majalisar da ta kawo batun dainawa da sunan tattalin kuɗi, haƙƙin jama'a ne su tambaye ta abubuwa huɗu: nawa ne fuloraid ɗin da ke cikin ruwan garin tun asali, nawa za a ajiye a kan kowane mutum, wa zai biya kuɗin jinyar da za ta biyo baya, da kuma me aka tanada wa 'ya'yan marasa ƙarfi a madadinsa. Idan an yanke shawara, ko ta ci gaba ko ta dainawa, lalle ne a sanar da iyaye da likitoci a fili, a kuma ci gaba da duba haƙoran 'yan makaranta kowace shekara domin a ga abin da shawarar ta haifar. Da irin wannan ƙidaya ce Calgary da Windsor suka gane abin da ya sami 'ya'yansu, har suka sake shawara.